Takardar Jinina da ke Akwatin Umma

Ƙafata na kan fedar keken ɗinki, ina ɗinke bakin wani zani, sai na ji kamar an soka min tsinke mai sanyi a cikin ƙashin ƙwauri, can cikin ɓargo. Ranar Talata ce da hantsi, a shagon da nake koyon ɗinki a Unguwar Sarki, ana yayyafi. Na ɗaga ƙafar, keken ya tsaya. Abin da ya fara faɗo min a rai muryar Nana ce, yadda take cewa, "Yaya Safiya, ƙashina ake sara."

Nana ƙanwata ce, autarmu. Da sikila aka haife ta, ta rasu tana 'yar shekara tara, ni lokacin ina ƙaramar sakandare. Ni nake danna mata ƙafa da tsumma da ruwan ɗumi idan ciwon ya tashi, don haka na san wurin da yake fara kamawa. Daidai wurin nan ne na ji nawa.

Ina rubuta wannan ne ban gama murmurewa ba. Ina so duk gidan da ake irin maganar da muke yi a gidanmu su karanta, ko Allah zai sa kunne ya ji, jiki ya tsira.

Bayan rasuwar Nana, Baba ya kwashe mu duka aka yi mana gwajin jini. Umma ce ta je ta karɓo takardun. Ta zaunar da mu a tsakar gida ta faɗa mana da baki: ita da Baba AS, Yaya Kabiru AS, ni AS, Fiddausi mai bi min AA. Ta sa takardun a wata ambulan ruwan ƙasa, ta kulle a akwatinta na ƙarfe. Ban taɓa ganin tawa ba, kuma ban taɓa tunanin in nema ba.

Shekaru bayan haka Yaya Kabiru, da yake karatun aikin ɗakin gwaji, ya dawo hutu da wani labari. Muna cin tuwo ya ce, "Umma, albishirinki. Ashe mu masu AS maleriya ba ta iya mana komai."

Umma ta ce, "In ji wa?"

"Malaminmu ne ya faɗa a aji. Jinin namu ba ya yi wa ƙwayar cutar daɗin zama. Har a jikin ɓeraye an gwada, aka sa musu irin jinin, aka sa musu cutar, suka tsira."

Fiddausi ta ce, "To Allah Ya ba ku haƙuri, ashe ɓeraye muke zaune da su a gida."

Muka yi dariya, amma Umma ba ta yi ba. Ta ajiye lomarta ta ce, "Ikon Allah. Ya karɓa da hannu ɗaya, Ya bayar da ɗaya." Yanzu da nake tunawa, na gane dalilin da maganar ta zauna mata daram. Shekara da shekaru tana ganin jininta ne ya kashe mata 'ya, sai ga wani ya ce jinin nan yana da wani alheri. Wa zai ƙwace mata wannan?

Daga ranar muka zama "masu ɗacin jini", Fiddausi kuma "mai jinin ragwaye". Kuma kamar gaske, duk damina sai ta kwanta, mu kuwa sai dai mura. Da aka zo rabon gidan sauro gida-gida a layinmu na Unguwar Shanu, Umma ta ɗaura wa Fiddausi ɗaya a kan gadonta. Nawa ta kewaye 'yan tsakinta da shi a bayan ɗaki saboda shirwa. Ɗaki ɗaya muke kwana da Fiddausi, ita a cikin raga, ni a fili, tagarmu kuma tana kallon kwatar layi. Ko sau ɗaya ban ga abin a matsayin ganganci ba. Har alfahari nake yi.

To, ranar Talatar nan na dawo gida da zazzaɓi. Na sha farasitamol, ya sauka, washegari da yamma ya dawo da rawar sanyi har haƙorana na haɗuwa. Ranar Juma'a Umma ta raka ni kemis ɗin bakin layi. Mai kemis ɗin ya ɗauko ɗan abin gwajin nan da ake tsaga yatsa, ya ce bari a duba maleriya.

Umma ta ce, "A'a Malam, kar ka ɓata kayanka. Wannan AS ce, ba ta yin maleriya."

Ya dube ta, ya dube ni. Na ga bakinsa ya motsa kamar zai yi magana, sai ya mayar da abin cikin kwali. Ya ce, "To ai shi ke nan Hajiya, taifot ce ke nan." Ya haɗa mana maganin taifot na kwana bakwai. Har yau ban yafe wa mutumin nan wannan shirun ba. Ya sani, na rantse ya sani. Amma maganin taifot ya fi na maleriya tsada, kuma wa ke gardama da mai saye? Ko kuma dai kunyar musa wa babba ya ji. Allah ne masani, ni dai zuciyata ta fi karkata ga na farko.

Sati na farko ya wuce ina haɗiyar ƙwayoyin, zazzaɓin na tafiya yana dawowa kamar mai bin sawu. Ƙashina kuwa bai daina ba, ya hau gwiwa, ya hau baya. Ban faɗa wa kowa abin da nake tunani ba. Amma na fara lissafi a raina: in dai masu AS ba sa maleriya, kuma maganin taifot bai yi komai ba, to me ya rage da ke sarar ƙashi a gidan nan?

A sati na biyu Gwaggo Ladi, yayar Baba, ta zo daga Unguwar Kanawa. Tana shigowa ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske, ta ja fatar idona ƙasa.

"Kai! Binta, ba ki ga idon yarinyar nan ba? Ai ya yi ɗorawa. Shawara ce."

Umma ta ce, "Mai kemis ya ce taifot."

"Mai kemis ya ci gidansu. Yaushe aka haife shi?"

Aka shiga dafa min ganyen dogonyaro da na gwanda da lemon tsami, in yi sirace in sha. Aka hana ni mai da nama. Da kwana uku suka wuce babu sauƙi, Gwaggo ta sauya magana. Ta ce a shagon ɗinkin nan akwai wadda ba ta son ganin hannuna ya fi nata faɗawa, ta tambayi wa ke ba ni abinci a can, wa ya taɓa aron ɗankwalina. Aka kawo rubutu a gora, na sha. Ban raina addu'a ba, kuma Gwaggo ta yi ne don ƙauna, kullum da ƙafarta take zuwa. Amma ta sa na kwanta ina jera fuskokin abokan aikina ɗaya bayan ɗaya ina neman mai laifi, har kunun gyaɗar da ɗaya daga cikinsu ta kawo min na sa Fiddausi ta zubar a kwata.

Idon nan da ya yi ɗorawa shi ya ƙarasa ni. Haka na Nana yake yi. Na ɗauki madubi na duba, na ga idon Nana yana kallona.

Ranar wata Laraba da azahar, ina kwance sun ɗauka barci nake, na ji Gwaggo a bakin ƙofa tana cewa ƙasa-ƙasa, "Ni fa abin nan yana min kama da na marigayiya." Umma ta ce, "Yi shiru Yaya, kar ta ji."

Kar ta ji. Kalmomin nan uku na riƙa juya su. Me ake ɓoye min? Na tuna tun ina yarinya Umma ba ta barina in yi wanka da ruwan sanyi. Na tuna ba ta son in ɗauki bokiti cike. Na tuna wata mata a layinmu da aka ce sai da ta girma sikilarta ta bayyana. Duk abin da na ɗauka kulawar uwa ce, ya dawo min shaida. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Da ta kawo min koko na ce, "Umma, ina son ganin takardar jinina."

Hannunta ya tsaya. "Wace takarda?"

"Wadda ke akwati."

"Me za ki yi da ita? Ba na faɗa miki ba?"

"Gani nake so in yi da idona."

Ta ce, "Makullin ya ɓata." Ta fita ba ta dube ni ba.

Makullin da yake ɗaure a bakin zaninta, ina ganinsa yana lilo. A nan na yanke wa kaina hukunci: ni SS ce, Umma ta ɓoye min don kar in rayu da tsoro, yanzu kuma lokacina ya yi. Na daina yi mata magana sai da ka. In ta kawo magani sai in ce ta ajiye, sai Fiddausi ta zo in karɓa daga hannunta. Wannan shi ne abin da ya fi min ciwo yanzu in na tuna, fiye da allurai.

Yaya Kabiru yana wurin aiki a wani gari, ta waya ake ba shi labari. Shi ma cewa ya yi a ƙara wani zagayen maganin taifot. Da Fiddausi ta ce masa, "Yaya, ni fa yadda take rawar sanyin nan irin nawa ne sak," sai ya ce, "Ke da kika sani ne ko ni?" Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma a lokacin duk gidan babu mai ilimin da ya kai nasa.

Farkon sati na uku, da safe, na fito zan yi alwala. Na ga tsakar gidan ya yi fari fat, kunnena ya ɗauki ƙara. Sai farkawa na yi a cikin napep, kaina a cinyar Umma, Baba a gaba kusa da direba da kayan aikinsa na kafinta a jiki, yana ta cewa, "Yi sauri ɗana, yi sauri."

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, na gwamnati ne. A can na ga abin godiya, na ga abin takaici. Mai yankar kati ya tafi karyawa, Baba ya tsaya a layi fiye da awa ɗaya ni kuma ina kwance a benci. Wata nas ta wuce ta ce wa Umma, "Sai kun gama jiƙe-jiƙenku ku kwaso mana gawa." A gabana ta faɗa, idona biyu. Amma wata dattijuwar nas ce ta zo ta taɓa goshina, ta duba tafin hannuna, ta ce wa mutanen layi, "Ku yi haƙuri, wannan ba ta jira." Ita ta tura ni da kanta. Ban san sunanta ba, Allah Ya san ta.

Likitar mace ce, ba ta fi Yaya Kabiru shekaru ba sosai. Ta sa aka ɗebi jini, ba a jima ba sakamako ya dawo. Ta ce, "Maleriya ce, ta yi yawa, ta cinye mata jini. Yaushe ta fara?"

Umma ta ce, "Likita, ba ta yin maleriya. AS ce."

Likitar ta ajiye biro. "Mama, wa ya faɗa muku haka?"

Aka ba ta labarin Yaya Kabiru, har da ɓerayen. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Rabin maganar ya ɗauko, ya bar rabi a aji. Gaskiya ne mai AS ya fi wasu tsira daga mai tsananin. Amma kamuwa yana kamuwa. Ko ɓerayen da yake faɗa, ai cutar ta shige su, jurewa suka fi yi. Laima ce, Mama. Mai laima ma in ya tsaya cikin ruwa sati uku, zai jiƙe."

Maganar laimar nan ta zauna min, amma a ranar ban yarda da ita ba. Na ɗauka sun haɗa baki. Na ga lokacin da Umma ta bi ta waje suka tsaya suna magana, na ce shi ke nan, ta roƙe ta kar ta faɗa min. Da likitar ta dawo duba ƙarin ruwan da aka sa min, na kama hannun rigarta.

"Likita, don Allah ki faɗa min gaskiya. Sikila ce da ni ko?"

"Me ya sa kika ce haka?"

Na faɗa mata komai, Nana, ƙashin, idon, akwatin. Ta saurara har na gama. Ta ce maleriya ma tana sa ciwon ƙashi, tana sa ido ya yi ɗorawa idan ta farfasa jini, kuma da wuya mai SS ya kai shekaruna bai taɓa kwanciya ba. Na ce da wuya ba ya nufin ba ya yiwuwa. Ta dube ni ta ce, "Haka ne. To bari mu daina zato. Za a ƙara miki jini yau, in aka ƙara kuma gwajin ba zai fito daidai ba sai an daɗe. Zan sa a ɗebi naki yanzu kafin a sa na wani." Na ce a rubuta sunana a jikin kwalbar a gabana. Aka rubuta a gabana.

Jinin da za a ƙara min ya zama wani aiki. Baba aka ce hawan jininsa ya hana. Yaya Kabiru ya taso a ranar, ya iso fuska duk ta faɗa, aka gwada nasa bai dace da nawa ba. Na Fiddausi ne ya dace. Da aka ɗaura ledar, ta zauna a gefen gadon tana shan lemon kwalba, ta ce, "To Hajiya mai ɗacin jini, yau dai na ragwaye ne ke shiga jikinki. In kin tashi sai ki riƙa gaishe ni da safe." Na so in yi dariya, kuka ya zo.

Yaya Kabiru bai iya haɗa ido da ni ba. Ya tsaya a ƙarshen gado yana murza hularsa, ya ce, "Safiya, ni na ja miki." Na ce masa ba komai. Ƙarya na yi, a lokacin akwai komai. Sai daga baya na huce.

An ce sakamakon zai fito bayan kwana biyu, ya kai biyar. Yau a ce babu wuta a ɗakin gwajin, gobe a ce mai sa hannu bai zo ba. Kowane jinkiri ni a wurina ɓoyo ne. Allurai suna aiki, zazzaɓin ya sauka a kwana na uku, na fara cin abinci, ƙashin ya lafa, amma ko nas ta yi wa wata raɗa sai in ce da ni suke. Matar gadon kusa da ni, wata mai sayar da atamfa, ta ce, "'Yata, ke jikinki ya warke, zuciyarki ce a kwance." Umma kuwa tana nan a kan tabarma a ƙasan gadona dukan kwanakin, tana wanke ni, tana juya ni, ni kuma ina amsa mata da ka.

Ranar Litinin da safe ta ce za ta je gida ta dawo. Wajen sha ɗaya ta shigo, ta zauna a bakin gadon, ta zaro ambulan ruwan ƙasar nan daga cikin hijabinta ta ɗora min a cinya. Bakin ambulan ɗin a manne yake da tsohon salatif da ya yi ja.

Ta ce, "Buɗe. Ni ba zan iya ba."

Na ɓare. Takarda ta farko da ta fito ba ta gwaji ba ce. Katin asibitin Nana ne, da ɗan hotonta manne a kusurwa, tana sanye da ɗankwalin makarantar Islamiyya. A bayansa takardar da aka ba su ranar da ta rasu. Sai namu a ƙasa.

Umma ta kawar da kai wajen taga. "Tun ranar da na rufe ban sake buɗewa ba. Da kika tambaya, na je na sa makulli, hannuna ya ƙi. Kuma idonki ya koma irin nata, na ce in na buɗe kamar na kira abin ne." Sannan ta ce, "Ashe zato kike na yi miki ƙarya."

Na shiga neman tawa. Na same ta, sunana, shekaruna na lokacin, da haruffa biyu da biro shuɗi. Ina riƙe da ita likitar ta shigo da tata takardar a hannu. Na karɓa na haɗa su gefe da gefe. Na karanta sunana harafi-harafi a kan sabuwar, na duba ranar da aka ɗebi jinin, na sake dubawa. AS a nan, AS a can.

Likitar ta ce, "Kin gani? Kuma gwajin safiyar yau babu ƙwayar maleriya ko ɗaya, jininki yana hawa. Kin tsira, Safiya. Gobe za ki gida." Ta juya wajen Umma. "Mama, tana da gidan sauro?"

Umma ta share ido da bakin hijabi ta ce, "Tana da shi, likita. Yana kan kaji."

Matar gadon kusa ta fashe da dariya, likitar ma ta kasa riƙewa. Ni ban yi ba. Ƙarfe goma sha biyu saura ne, na ga agogon bangon. Na mayar da katin Nana cikin ambulan a hankali, na kamo hannun Umma, wanda na yi kwana goma sha biyu ina ƙin karɓar ko ruwa daga cikinsa, na ce, "Umma, ƙishirwa nake ji."